Kalma Ɗaya a Barnsley

Sunana Glenys, ungozoma ce ni,
shekara talatin da ɗaya ina tarbar 'ya'yan garin nan.
A bakin mutanenmu akwai wata kalma, leba,
gajeruwa kamar tari,
yau kuwa tun asuba take bin sawuna.

Da safe na je ɗauko mota wurin Desmond makanike.
Ya miƙo takarda, yatsunsa baƙi ƙirin da mai:
birki, fam arba'in,
leba, fam casa'in.
Na ce, wannan ta ƙasan fa?
Ya ce, wannan gadon bayana ne, Glenys,
awa biyu kwance a kan siminti mai sanyi.
Ƙarfen na kamfani ne, ciwon nawa.
Na biya, ban ce uffan ba.

A hanya ga jan kwali a tagar tsohuwa Ackroyd,
rana ta koɗar da shi ya koma ruwan hoda:
ku zaɓi Leba.
Mijinta ne ya fara mannawa, tun ramin kwal na da rai.
Ita ke sabuntawa duk zaɓe,
ba don alkawari ba, ta ce ta ƙoshi da alkawari,
tagar ce dai ta saba.

Kakana, in ji uwata,
alƙali ya taɓa jefo masa kalmar daga kan kujera:
wata shida da leba mai tsanani,
saboda zomo biyu a dajin wani mai dukiya.
Ya ci zomo, ya ci gudu, ya kuma fasa dutse.
Ya dawo da tafin hannu kamar bayan kunkuru,
har ya mutu bai ƙara son romo ba.

Babana Wilf yana hawa na uku a asibitinmu.
Shekara ashirin da shida ya yi a cikin ƙasa,
yanzu ƙasar ce a cikinsa.
Likita ta rubuta kalmar a takardar gadonsa,
ta ɗan ƙara mata wutsiya,
wai numfashinsa ne ke ƙwadago.
Na tsaya ina saurare.
Kowace shaƙa kamar tura amalanke kan tudu.

Ƙarfe takwas na sauko ƙasa,
inda aka rubuta ta da manyan baƙaƙe a kan ƙofa.
A nan sunanta naƙuda.
Keeley ce a gado na biyu,
mai ɗaure kwalaye a babban sito na bayan gari.
Ta damƙe hannuna har zobena ya shige nama,
ta zagi Callum, ta zagi silin, ta zage ni,
ta ce ta fasa, gida za ta.
Na ce, 'yar nan, wannan aikin ba a yi masa yaji,
ba hutun shan shayi, ba mai karɓar ki,
ba kuma wanda zai rubuta miki takarda:
awa goma sha huɗu, fam kaza.
Yunƙura.
Ƙara.
Ga kai nan.

Huɗu da minti goma ta sauka.
Jaririyar ta yi shiru, shuɗiya, santsi kamar kifi,
na murza bayanta da tawul, na murza,
sai ta ja iska da dukan ƙarfinta
ta tsaga ɗakin da kuka.

Na wanke hannu, na hau bene, gwiwoyina na ƙara.
Idonsa biyu.
Ya zame robar iska daga bakinsa:
an tashi aiki?
Na ce, saura awa uku.
Me aka samu?
Mace, Baba. Da kyar ta yi numfashin farko.
Ya yi wani abu mai kama da dariya.
To, ta kama aiki ke nan, ya ce,
a gaya mata ta shiga ƙungiya.

Na mayar masa da robar.
Ya rufe ido,
ya sa kafaɗa,
ya ci gaba da tura amalankensa.