Abin da Randa Ta Sani

Ƙarfe biyar na asuba, tsakiyar bazara,
Maradi ba ta huce zafin jiya ba.
Bangon ɗakina a Bagalam da sauran ɗumi
kamar murhun da aka janye wa itace da dare.
Na ɗaure takalmi, na kama hanyar Jiratawa.

Makon fari ban kai ko'ina ba.
Zuciya na daka kamar turmin gidan suna,
kai ya yi nauyi, ido na ganin taurari da hantsi.
Na zube gindin wani gawo ina haki.

Nomau, tsohon sojan da ke riƙe mana agogo,
ya jingine kekensa, bai yi dariya ba.
Ya ce, yaro, jininka ɗaya ne,
masu binsa bashi biyu.
Ƙafa na kira a kawo mata iska,
fata na kira a kawo mata wuta ta zubar.
Zuciya ce ke raba gardama,
kuma taka ba ta iya rabo ba tukuna.

Ban gane ba sai a rumfar Inna Cima maginiya,
inda muke tsayawa shan ruwa.
Na shafa randarta, na ji ta jiƙe,
na ce, Inna, wannan ai yoyo take.
Ta ce, wadda ba ta zufa ba ta sanyi.
Je ka sha na waccan jarkar roba ka ji.

Kwana goma. Kwana ashirin.
Ban san daren da jiki ya canza shawara ba.
Zufa ta daina jiran sai na galabaita,
tun ban bar unguwa ba take tsattsafowa.
Jijiyoyin hannu suka taso, suka yi rassa
kamar gulbi in ya cika ya shiga fadama.
Farin gishirin da ke zana taswira a rigata
ya riƙa dusashewa.
Turmin ƙirji ya koma luguden mace ɗaya,
ba gaggawa.

Ranar tsere, kilomita ashirin da ɗaya.
Tsahiru na gabana kamar kullum,
shekara biyu ban san komai nasa ba sai ƙeya.
A na sha bakwai na ga yana saƙa da ƙafafu,
hagu, dama, kamar mai neman abin da ya yar.
Na matso. Yau ce ranata, in ji wata murya.
Sai na ji yana kiran sunan ƙanensa
da ya rasu bara.

Na kama hannunsa.
Kaskon tuya. Ba ɗigo ko ɗaya.

Inuwar dalbejiya taku goma ce, ta yi mini nisan Tibiri.
Mai shayi ya juye mana bokitinsa,
wata yarinya ta sauke tallan ƙanƙara ba a tambaye ta ba,
muka cusa a wuya, a hammata,
na yage kwali ina fifita.
Takalma na wuce mu, faf, faf, faf,
ban ƙirga ba.
Na ƙirga dai numfashinsa
har motar asibiti ta zo.

Na ƙarasa sauran huɗun ni kaɗai.
Ana naɗe igiya, ana kwashe kujeru.
Nomau ya duba agogo, ya mayar aljihu,
ya ɗora tafinsa a goshina, ya duba tafin.
Jiƙe sharkaf.
Ya ce, gobe hutu. Jibi ƙarfe biyar.

Da dare na tsaya gaban randar gidanmu.
Ƙasan da ke gindinta ya yi duhu da laima,
tururuwa na kewaye.
Na ɗebi moɗa biyu.
Ta biyun na sha a hankali.