Shafi na Talatin da Biyu

Mujallar ta iso ranar Talata bayan la'asar
a aljihun kaftanin Sahabi,
ta sha zufa tun daga Kwannawa.
Muka buɗe ta kan sirdin Besfar Labbo
a gindin dogonyaron Ƙofar Marke,
inda ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai
tun kafin in yi gemu.

Kowa ya goge hannu a gefen wando.
Ba a taɓa takarda mai sheƙi da yatsun giris.

Ga ta nan, shafi na talatin da biyu:
Hondar Arzika, ja kamar tattasai a shanya,
tsaye ita kaɗai.
Ba Arzika, ba mu,
ba akuyar da ke cin kwali a bayanta ranar.

Arzika ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Wagga ba tau ba ta.
Mi sunka yi ma tankin?"

Sun shafe lotsawar.
Wadda ya samo a hanyar Wamakko
daren da Kulu ke naƙuda a bayansa,
jaki ya faɗo daga cikin gero babu sallama.
Yaron yana koyar da lissafi a Boɗinga yanzu.
Tankin bai taɓa yoyo ba.

Modi ya ɗora gilashi a karan hanci,
yana bin Turancin da farce
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
"Sun ce saba'in da tara.
Saba'in da shida ta! Ni na ɓalle akwatinta,
ƙusar ma ga inda ta yanke ni."
Ya nuna mana tabon, karo na ɗari.

"Sun kuma ce kayan tarihi."
Dariya ta sa Sahabi tari.
Kayan tarihin da jiya jiya
ta ɗauko buhun albasa biyu daga Kware
ta wuce wani sabon ɗan Caina yana huci a gefen titi?

Labbo bai yi dariya ba.
Besfarsa tana can ƙasan kwana,
ba ta kai kwalin ashana ba,
tallar agogo ta danne mata rabin taya.
Awa uku ya yi yana goge ta da tsumma da toka.

Hali ne ƙaraminmu, shi ya tsaya wa baƙin.
Ya ce ko ba komai, wani a Ikko ya ga sunan garinmu
ba a gefen labarin zafi ba.
Modi ya ce to ka jira,
tun da sun rubuta kuɗinta,
dillalai za su zo da murmushi da motar ɗaukar kaya,
ta ƙare a falon wani, ba mai, ba hanya,
ana yi mata fanka.

Ni abin da na nema ban gani ba.
Takarda ba ta da kunne.
Ina za ta sa tarin farko na asuba,
shuri ɗaya, shuri biyu,
sannan wannan gurnani mai kauri
da matan unguwa ke ɗora koko da shi?

Kafin magariba mai ya kama Besfa,
mazurari ya ɓata kamar kullum.
Labbo ya yage tallar agogon, ya naɗe ta,
baƙin mai ya bi ta tsakiyar ƙarfe goma.
Ya ce, "Takardar dai mai kyau ta."

Da safe shafi na talatin da biyu ba ya nan.
Babu wanda ya tambaya.

Sai ranar Juma'a da na je aron sifana
na gan shi a zauren Arzika, manne da ƙaro.
Kulu ta sa biro shuɗi
ta mayar wa tankin da lotsawarsa,
ta ɗan fi ta gaske girma.