Ƙafar da Ba Ta Taɓa Shiga Gaba Ba

Shekara ashirin da biyu hagu ke ja mini gaba
a gangaren Karakol.
Ita ke fara gaisawa da dusar ƙanƙara,
dama na biye kamar ƙanwa mai riƙon kaya,
ba tambaya, ba gardama.

Sai bara, ranar da muka rufe injin kujerun hawa,
gwiwa ta ce ƙas.
Likita ya ɗaga hoton ƙashi a hasken taga,
ya ce, Temirkul, wannan ta gama shugabanci.

Yau ga ni a tudun yara,
inda ake ɗaura wa 'yan shekara biyar hular kwano.
Ni da ke shafa wa injin nan giris,
ni da na san kukan kowane ƙarfe a jikin igiya,
na ɗaure allo a ƙafa, na juya shi baibai,
sai dutsen da na haddace ya zame mini baƙo.
Itatuwan da ke gaban idona
duk sun koma bayan ƙeya.

Begimai, 'yata, shekararta sha huɗu,
ta tsaya ƙasa, hannu a ƙugu:
Baba, kafaɗarka tana ƙarya.
Ƙafa ta ce nan, ita ta ce can.
Dubi inda za ka, bar leƙen inda ka saba.

Na saki jiki. Allo ya yi shara, bai yi yanka ba,
yana kankarar dusa kamar mai fama da ƙanzo a tukunya.
Kaifi ya cafke.
Tim!
Sama ta dawo ƙasa, sanyi ya cika mini wuyan riga,
wani yaro ya wuce ni sululu yana tsotsar alewa.

Na ƙirga faɗuwa sha ɗaya, sannan na bar ƙirga.

A rumfar shayi Kunduz ta zuba mini mai madara da gishiri,
ta ce, tsoho, me ya yi zafi shi ba wuta ba?
Ban tanka ba.
Na ɗauki cokali da ɗaya hannun,
ina juyawa, shayi na fantsama a tebur,
ina kallon yatsun kamar na ɗan maƙwabta.
Ashe shekara hamsin rabin jikina ɗan haya ne,
ban taɓa tambayar sunansa ba.

La'asar sakaliya. Inuwa ta sauko, dusa ta yi tauri.
Begimai ta yi shiru, ko gajiya ce ko dabara.

Na lanƙwasa gwiwar dama, wadda ban yarda da ita ba,
na danƙa mata nauyina duka,
ajiya ba shaida.
Na danna 'yan yatsu. Na jira.
Jiran nan shi ne karatun:
kar ka murɗa, kar ka yi karambanin taimako,
bar kaifi ya nemo hanyarsa.

Sai sauti ya sauya.
Gurzar ta mutu, wani siririn amo ya taso
irin na almakashi cikin sabon yadi.
Allo ya kwanta a gefensa, ya ɗauke ni, ya kewayo,
tafkin Isik-Kul ya leƙo ta kafaɗar da bai saba ba,
shuɗi shar, ya ƙi daskarewa.
Diddige. Jira. Ya sake kewayowa.
Biyu kacal.
A na uku na sha ƙasa.

Ina kwance na ɗaga kai na dubi tudu.
Cikin duk ɓarnar da na tafka tun safe
ga layi ɗaya, siriri kamar zare,
ya tanƙwara nan, ya tanƙwara can, bai tsinke ba.
Begimai ta gangaro ta tsuguna kansa,
ta cire safar hannu, ta sa yatsa cikin tsagar
tana auna zurfinta kamar mai tayin kaya.
Ta ce, wannan na wane ne?

Na ce ban gama saninsa ba tukuna.
Gobe inji zai tashi ƙarfe takwas.
Zan zo tun bakwai, mu sake gaisawa.