Harsashin Yara

Shekara arba'in da ɗaya ina saɓa talatin-sifili-shida,
bindigar da Baba ya bar mini haɗe da bashin gida.
In na taɓa kunamarta, kurmin arewacin Michigan kan amsa,
hankaki su watse,
dusar ƙanƙara ta zubo daga rassa
kamar an yi tsawa.

Shurinta kuwa na alfadari ne.
Duk Nuwamba kafaɗata kan yi baƙi kwana goma,
in buɗe riga a teburin gahawa ina nuna wa tsarana.
Wauta in ta daɗe a jikin mutum
sai ya ɗauke ta baiwa.

Bana likita ta farke kafaɗar, ta kafa ƙusa uku.
Ta ce, "Eino, ƙashi ba ya jin kirari.
Ka ƙara masa irin wancan duka,
ni da kai sai wata haɗuwa."

Ran Talata na shiga shagon Orrin.
Ya jera kwalaye uku a kan kanta.
"Bakwai-sifili-takwas: tana da ladabi, amma tana turi.
Shida-da-rabi: ita samari ke rububi.
Wannan kuma..."
Na ce kar ka ƙarasa, na san ta,
ba sai an yi mana gabatarwa.

Biyu-huɗu-uku.
Ita na saya wa Kirsti tana 'yar sha biyu,
ina kiranta harsashin yara, ina dariya.
Orrin ya ce, "Barewa nawa yarinyar ta kayar?"
Na ce tara.
"Sau nawa ta bi sawun jini da tocila?"
Na shiga karanta farashin safa,
tambayar ta wuce ban tankawa.

Ya ja ni bayan shago, ya karɓi tsohuwata,
ya juya mini baya yana ɗura ta.
Farantin takarda can a taku ɗari.
Na kafa, na auna, na ja.
Ƙyas.
Ba komai a cikinta.
Amma idona ya rufe tun kafin,
kafaɗa ta zabura, bakin bindiga ya sunkuya yana gaida ƙasa.
Ya ce, "Ba aikin likita ba ne wannan.
Ta daɗe tare da kai, karkarwa."

Sai na tuna ta shekaran bara,
wadda na samu a cinya maimakon haƙarƙari.
Na bi ta har biyun dare, har bakin fadama,
da safe kyarkeci ya bar mini kofato da kunne.
A gida na ce iska ce,
har da rantsuwa.

Orrin ya tura mini ƙaramin kwalin.
"Huhunta bai fi farantin nan ba, haƙarƙarinta siriri.
Ba ta tambayar yawan albarushi,
inda ya sauka shi ne magana.
Ɗauki mai nauyi ɗari, kar ka zarce taku ɗari biyu,
sauran aikin na natsuwa."

Da dare na buga wa Kirsti waya.
Ta yi dariyar da ta adana shekara ashirin da shida.
"Tana bayan ƙofar sito, Baba.
Gindinta gajere ne, ka ƙara mata roba,
kuma ka riƙa shafe ta, ba ta son ruwa."

Sha biyar ga wata, hantsi bai yi ba,
wani mai ƙaho shida ya fito tsakanin itatuwa,
numfashinsa na hayaƙi.
Na ja.
Ta ɗan dafa kafaɗata, kamar mai tashin maƙwabci a coci.
Ido biyu a buɗe, karon farko,
na ga gashi ya tashi a bayan damtsensa,
na ga kunne ɗaya ya juya neman inda nake,
na ga gwiwa ta naɗe.
Shekara arba'in da ɗaya ina cin namansu,
ashe ban taɓa ganin faɗuwa.

Na daɗe zaune kafin in sauka.
Kafaɗa lafiya lau.
Kwanson yana aljihuna har yanzu,
bai kai ɗan yatsana ba,
kuma ban nuna shi ga kowa.