Mai Girkin Gidan Haruffa Uku

Shekara ashirin da shida ina riƙe da ludayin gidan nan,
gidan jan bulo a bakin jami'a, nan Ohio,
haruffan Girka uku a goshinsa
kamar tsagar gado da yaro ya zaɓar wa kansa.
Sunana Odessa. Ba na cikin rantsuwarsu,
amma na san cikin kowannensu.

Duk kaka, in ganyayen titi suka yi ja,
sababbi kan zo da takalma masu sheƙi,
baki cike da murmushin aro.
Mako guda ana auna su kamar hatsi a mudu:
wa ya iya zance, wa ya iya shiru,
uban wa ya taɓa kwana a ɗakin sama.
Da dare a kulle ƙofa, a zagaya da akwati,
farin dutse na so, baƙi na ƙi.
Ina cuɗa tukwane, ina jin faɗuwarsu ɗaya ɗaya.

Wanda aka ɗauka sai a yi masa wa,
ba su sha nono ɗaya ba,
amma shi zai tashe shi ranar jarrabawa,
shi zai koya masa musabahar sirri,
yatsa kan jijiya, sau biyu, a saki.
Suna zaton ban gani ba.
Mai tsayuwa bakin murhu tana da ido a ƙeya.

Kuɗin zango daga aljihun iyaye yake fita,
shi ke biyan wuta da nama da ni.
Akwai shugaba, akwai ma'aji mai ƙorafi kullum,
akwai Asabar ɗin da suke wanke motocin gari
tare da 'yan matan gidan tsallake, masu nasu haruffan,
a kai abin da aka tara asibitin yara,
su dawo jiƙe sharkaf, suna ihu kamar sun ci gari.

Na ga Wendell, ɗan manomin masara,
ya zo ba ya iya haɗa ido da mutum.
Da mahaifinsa ya rasu tsakiyar hunturu
su talatin suka bi shi, awa bakwai kan ƙanƙara,
suka sa kafaɗa ƙarƙashin akwatin gawa.
Bara wani tsohon ɗan gidan ya ba shi kujera a banki,
hannu ya gane hannu, ƙofa ta buɗe.
An ce zumunta a ƙafa take.
Tasu har da yatsa.

Na ga Thaddeus ma.
Daren gwaji, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
aka ce sha, in kai namu ne, sha.
Ya sha don kada a ce ya kasa.
Da asuba ni na tsince shi gefen injin wanki,
leɓe ya yi shuɗi, numfashi kamar zare.
Ya rayu. Bai dawo ba.
Jami'a ta garƙame gidan shekara guda,
aka sake fenti, aka sake doka.
Kofinsa mai tsaga yana nan bayan gwangwanin sukari,
ban yarda kowa ya sha da shi ba.

Kuma akwai wani, ban riƙe sunansa ba,
wanda baƙin dutse ɗaya ya kora.
Shekara huɗu yana bi ta ƙofarmu zuwa aji,
kullum sai ya tsallaka ɗaya gefen titi.

In ka tambaye ni me suke nema,
sai in ce yaro ne ya baro teburin uwarsa,
ya faɗo garin mutum dubu arba'in,
yana tsoron cin abinci shi kaɗai.
Saboda wannan zai rantse, zai biya, zai durƙusa,
wani lokacin ya sa wani durƙuso.

Gobe sababbi goma sha tara za su karya a nan.
Ƙwai bai kai ba.
Bari in leƙa ɗakin ƙasa kafin in kashe fitila.