Ɗaki na Goma Sha Tara

Da rana kwali nake turawa a Bab Makka,
shinkafa, man girki, sabulun Bayamanen da nake wa aiki.
Amalanke na kuka, ni ina shiru.
Da dare kuma, can saman bene,
inda zafin Jidda ya kore mu da katifunmu,
sai in zaro waya mai tsagaggen gilashi
in sake zama ɗan dako.

Wani ɗan mitsitsi ne a ciki,
ba baki, ba hanci, sai ido biyu da jar hula.
Sana'arsa tura akwati.
Ya tura, ya taka, ya daka tsalle,
ya cafe mabuɗi, ƙofa ta wangale,
bayan ƙofar, wani ɗakin, wani akwatin.
Jazuli ya leƙo ta kafaɗata:
"Kai Ɗanjuma, dakon rana bai ishe ka ba?"
Na ce ai wannan ba ya taɓa ƙugu.

Rumasa'u ce ta sa mini shi
a daren da zan bar Gadarif,
shekararta tara, lalle bai gama bushewa a yatsunta ba.
Ta danna nan, ta danna can, ta ce,
"Baba, wanda ya riga kaiwa ƙarshe
shi za a saya wa takalmi."
Na yi dariya. Ban san da gaske take ba.

Yau kwana goma sha ɗaya ina ɗaki na sha tara.
Akwati uku, rami mai ƙayoyin ƙarfe,
katanga ta fi ƙarfin tsalle.
Na jera su, na ɗora, na sauya,
ɗan jar hula ya faɗa, fuu, ya zama hayaƙi,
ya dawo tsaf, ko hular ba ta karkace ba.
Ni da santsi ya kwashe a matakalar sito bara,
wata biyu ina jan ƙafa,
ba wanda ya danna mini in sake daga farko.

Saƙon murya ya shigo wajen ƙarfe uku.
Shekaranjiya ta tura shi, sai yau layi ya saki.
Bayan muryarta ina jin zakara,
da uwarta tana sheƙar riɗi tana faɗa da awaki.
"Baba, rowa ce ta hana ka.
Akwatin farko ba na hawa ba ne.
Tura shi ramin. Ka bar shi ya tafi."

Na daɗe ina kallon gilashin.
Shekara nawa hannun nan bai saki kaya ba?
Kwali ɗaya ya faɗi, riyal goma ta bi shi.
Babban yatsana ya tsaya cak
kamar jakin da ya hango gada.

Na dai tura.

Tim!
Akwati ya cike ramin, ƙayoyi suka nutse,
asarar ta zama hanya.
Ɗan jar hula ya taka ta, ko waiwaye bai yi ba.
Na ce "Kai!" da ƙarfi, har Jazuli ya juya
ya zage ni cikin barci.
Ladanin unguwa ya gyara murya.

Ɗaki na ashirin ruwa ne, har wuya.
Ni kuwa ko a kududdufi ban iya iyo ba.
Ita ta gama wasan tun damina,
tana cikin na biyun, mai fitila da jemagu.

Na ci bashi ke nan.
Gobe in na sauke kayan Bayamane
zan biya ta rumfar takalma da zaren da ta auna ƙafarta,
in ƙara yatsa biyu a kai,
ko uku,
don ban san ranar da ƙofar nan za ta buɗe ba.