Kujera Ta Uku Daga Taga

Kujerarki tana nan a layin mawaƙa, Afiniki,
ta uku daga taga,
a cocinmu na Sabon Gari.
Wata bakwai ke nan ba wanda ya zauna a kai.
Mama Briskila kan ɗora jakarta a wurin
don kada idona ya faɗa ramin.

Da fara'a aka soma.
Kin dawo daga 'Yan Kura da ledar tumatir
kina cewa, "Yaya, na haɗu da mutane
masu ƙauna kamar mun sha nono ɗaya."
Sun biya miki kuɗin adaidaita,
sun kira ki sau biyar kafin dare.
Na ce alheri ne.
Kifi ma tsutsa yake gani, ba ƙugiya ba.

Sai ga hotonsa a bangon ɗakinki
inda gicciyen katako yake a da:
farin kwat, zobe uku.
Bakinki ya daina cewa "an rubuta",
ya koma "Baba Mai Wahayi ya ce".
Ya ce duk cocin garin nan matattu ne.
Ya ce sama ta mutum arba'in ce kacal,
masu kwana a benensa, bayan tashar mota.

Na ce, nuna mini aya.
Kika toshe kunne da yatsu:
"Tambaya ƙofar Shaiɗan ce."
Haba ƙanwata!
Wanda ya yi shakka a cikin sha biyun
korarsa aka yi?
Hannu aka miƙa masa mai tabon ƙusa.
Mai kaya na gari ba ya ƙin a kunna fitila.

Keken ɗinkin nan da muka yi adashin shekara biyu
kin sayar, wai iri kika shuka.
Shi ya sauya mota,
ke kuwa zanenki ya koma zagaye biyu
saboda azumin da ba ya ƙarewa.
In makiyayi na teɓa, tumaki na ramewa,
a duba bakinsa da kyau.

Sun ba ki sabon suna.
Sun ce Inna mayya ce, ita ta ɗaure tauraronki,
Innar da ta goya ki har asibitin Nassarawa a ƙafa
daren da ƙyanda ta so ɗauke ki.
Yanzu ita ke kwance.
Duk takun da ta ji a soro sai ta ɗago kai.

Na je benen ran wata Laraba.
Baƙar leda a tagogi,
ƙato a ƙofa yana tara wayoyi a kwando.
Ya ce ba a shiga sai da izinin Baba.
Na tuna Rabaran Zakka namu
da dattawa suka tsare da tambaya
kan kuɗin kwanon rufi,
ya kawo rasit yana dariya.
Ƙofarmu ko mai rake a titi yana jin wa'azi.
Wanda ya wanke ƙafafun mabiyansa
bai taɓa sa wa kowa kwaɗo ba.

Jiya da ƙarfe biyun dare wayata ta yi ƙara.
Baƙuwar lamba.
Ba magana, sai numfashi,
numfashin da na sani tun muna tabarma ɗaya.
Na san abin da suka gaya miki:
wanda ya fita ba zai ga sabuwar shekara ba.
Ƙarya ne, Afiniki.
Ƙofar da ake shiga ba a fita
ba ƙofa ba ce, tarkon ɓera ne.
Almasihu ƙwanƙwasawa yake yi, ba ya ɓalle ƙyaure,
ba ya kuma kulle shi a bayanki.

Ba zan ce "ai na faɗa miki" ba.
Na yi gwaten acca, na rage miki.
Sakatar gida ta lalace tun damina,
kafinta ya zo sau biyu,
ni na hana a gyara.